Su Wa Ke Cikin Ɗaki Idan Shugaba Zai Yanke Hukunci?



An nemi in yi magana kan mashawartan shugaba da amfanin bambancin da ke tsakaninsu. Zan fara da abin da kowa a zauren nan ya ɗanɗana da kansa.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjojin da aka kawo suna da nauyi. Bankin ya ce cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba su shiga banki ba. Aka yi maganar jabun kuɗi, da kuɗin fansa da ake kai wa 'yan bindiga a buhu, da sayen ƙuri'a ga zaɓe na ƙaratowa. Bayan kwana biyu sai Ministar Kuɗi, Hajiya Zainab Ahmed, ta zauna gaban sanatoci ta ce ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Bankin ya mayar da martani cewa ya sami amincewar shugaban ƙasa a rubuce, kuma abin da doka ta nema ke nan.

Kun tuna yadda Janairu da Fabrairun 2023 suka kasance. Magidanci ya yi sallar asuba a bakin banki don ya kama layi, rana ta take a ce masa kuɗi sun ƙare. Ya koma wurin mai POS ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa, a dubu goma a zaftare masa dubu ɗaya ko biyu, wani wurin ma fiye. Makiyayi ya koro sa tun daga ruga zuwa kara, an yi ciniki an sallama, mai saye ya zaro waya ya ce a ba shi lambar asusu. Makiyayin ba shi da asusu, inda yake zaune babu sabis, kuma a duk faɗin ƙaramar hukumarsa babu reshen banki ko ɗaya. Haka zai juya da sansa, ko ya karyar da shi ga wanda ke da tsabar kuɗi a aljihu. Mai tumatir kuwa ba ta da zaɓin juyawa, a gabanta kwandon zai ruɓe. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, duk 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa, suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, kuma cikin abin da ta kama gwamnati da shi har da rashin tuntuɓar waɗanda ya kamata a tuntuɓa.

Ban kawo wannan don in tono tsohon miki ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, ilimin da zai hana wannan wahala yana nan a ƙasar, kuma ba shi da tsada. Duk wani dillalin hatsi a Dawanau ya san buhu nawa ake saye da tsabar kuɗi ranar kasuwa. Duk wani sarkin fawa ya san yadda ake biyan kuɗin dabba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a ɗakin da aka yanke hukuncin, da alama duk wanda ke ciki yana da katin banki a aljihu da intanet a wayarsa, kuma duk wanda ya sani ma haka yake. Mutane ne masu ilimi, sai dai iliminsu iri ɗaya ne, saboda haka abin da ya ɓuya wa ɗaya ya ɓuya wa sauran.

Wani zai ce ai tsarin mulki ya riga ya magance wannan. Sashe na 14(3) na kundin 1999 ya hana wani yanki ko wata ƙabila mamaye gwamnatin tarayya, sashe na 147(3) ya ce kowace jiha sai an ba ta minista aƙalla ɗaya, kuma tun 1996 muna da hukumar raba daidai. Ina goyon bayan wannan tanadi, domin ƙasar da ta yi yaƙin basasa ba ta wasa da maganar wakilci. Sai dai yana iya yiwuwa a cika duk waɗannan sharuɗɗa a tashi da hula 36 a kan kai ɗaya. Wannan da jar dara, wancan da zanna bukar, wancan da hular Yarbawa, amma duk unguwa ɗaya suke kwana a Abuja, asibiti ɗaya suke zuwa a waje, 'ya'yansu makaranta ɗaya, kuma dukkansu sun san ranar da suka ɓata wa oga rai ranar ce abincinsu ya ƙare. Bambancin da ke ƙarfafa shugaba yana da ƙafa biyu. Ta farko, mutanen su san abubuwa daban-daban saboda rayuwarsu da sana'arsu sun bambanta. Ta biyu, su iya buɗe baki su faɗi abin da suka sani ko da ba zai yi wa shugaba daɗi ba. In ɗaya ta karye, ɗayar ba ta kai shi ko'ina.

Bari in kai ku Amurka, domin a can akwai shugaba ɗaya da ya gwada hanyoyin biyu cikin wata 18, kuma an adana bayanin abin da ya faru har da faifan muryoyinsu.

John Kennedy ya hau mulki a Janairun 1961, ya tarar hukumar leƙen asiri ta CIA ta riga ta shirya wani tsari: a sauke 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 da aka horar a gaɓar tekun ƙasarsu, su kifar da Fidel Castro. Waɗanda suka tsara shirin su ne kuma suke yi wa shugaban bayanin ko zai yi nasara. Ba a tambayi ƙwararrun ma'aikatar harkokin waje da suka san Kyuba ba, wai don kada sirri ya fita. Akwai masu shakka. Sanata William Fulbright ya fito fili ya ƙi. Chester Bowles, na biyu a ma'aikatar harkokin waje, ya rubuta takardar adawa, amma ba ta isa teburin shugaba ba. Masanin tarihi Arthur Schlesinger ya rubuta wa shugaban damuwarsa a takarda, sai dai idan aka zauna taro, ga janar-janar da lambobin yabo a ƙirji, sai ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma daga baya ya yi nadamar shirun. Ranar 17 ga Afrilu aka sauke mayaƙan a Bay of Pigs. Cikin kwana uku an gama da su, fiye da 1,100 suka faɗa hannu. A 1972 wani masanin halayyar ɗan'adam, Irving Janis, ya ɗauki wannan a matsayin babban misalinsa na yadda masu kaifin basira kan taru su yi wauta saboda kowa na gudun ya zama bare a cikin ɗaki.

Oktoban 1962 sai jirgin leƙen asiri ya ɗauko hotunan makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kyuba. Wannan karon Kennedy ya sauya yadda ake zama. Ya tara kwamitin da ke da sojoji da jakadu da lauyoyi, har da 'yan jam'iyyar adawa irin su Douglas Dillon, sakataren baitulmali, da John McCone na CIA. Ya ce kowa ya yi magana kan komai, kada soja ya tsaya kan bindiga kawai, jakada kan diflomasiyya kawai. Wasu zaman ma da gangan ya ƙi halarta, domin ya gane idan yana wurin mutane fuskarsa suke karantawa kafin su yi magana. Shugaban sojojin sama, Janar Curtis LeMay, ya dage a yi ruwan bama-bamai. Adlai Stevenson, jakadansu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce a duba yiwuwar janye makaman Amurka da ke Turkiyya a matsayin musaya, aka yi masa kallon matsoraci. Sannan akwai Llewellyn Thompson, wanda bai daɗe da dawowa daga aikin jakadanci a Mosko ba, ya zauna da shugaban Sobiyet Khrushchev, ya ci abinci da shi, ya san halinsa. Ranar 27 ga Oktoba, bayan wasiƙu biyu masu karo da juna sun iso daga Mosko, Kennedy ya karaya, yana ganin ta farkon mai sassauci ta riga ta mutu. Thompson ya dube shi ya ce bai yarda da shi ba, mutumin nan hanyar fita yake nema wadda ba za ta kunyata shi a gida ba. Aka amsa wasiƙar farko a fili, aka yi alkawarin janye makaman Turkiyya a asirce, washegari Khrushchev ya sanar da kwashe nasa.

Sai bayan kusan shekara 30, a wani taro a Habana a 1992, Amurkawa suka ji cewa Sobiyet na da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga a tsibirin, da sojoji sama da 40,000, alhali CIA na ƙiyasta kusan 10,000. Da an bi shawarar LeMay, Allah kaɗai ya san inda duniya za ta kwana. Ku duba kuma: shawarar da aka yi wa Stevenson dariya a kanta tana cikin abin da ya warware rikicin. Kennedy na 1962 bai fi na 1961 ƙwaƙwalwa ba. Mutanen ɗakin ya ƙara, kuma ya sauya ƙa'idar magana a cikinsa.

Mu kuwa ba sai mun je Washington koyon wannan ba. A Badar, Hubabu ɗan Munzir ya ga inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauke runduna, sai ya tambaya cikin ladabi ko wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, ya ce a matsa gaba a riƙe rijiyoyi, aka kuwa matsa. Mutumin Madina ne da ya san ruwan wannan yanki. A shekara ta 5 bayan hijira, da ƙungiyoyi suka yi wa Madina taron dangi, Salmanu mutumin Farisa ne ya kawo dabarar haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba da shi ba. A Hudaibiyya, lokacin da baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya hana sahabbai tashi su yanka hadaya su yi aski, Ummu Salama ce ta ce wa Manzon Allah ya fita kawai, kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira wanzaminsa. Yana yi kowa ya miƙe. Ɗan gari, da baƙo, da mace, kowanne ya ga abin da matsayinsa ya ba shi damar gani.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Uhudu. Ra'ayin Manzon Allah a tsaya cikin gari, matasa suka matsa a fita, ya bi ra'ayinsu, aka fita, aka yi shahada kusan 70 har da baffansa Hamza. Wani shugaban da a nan zai rufe ƙofar shawara har abada, ya ce ga abin da sauraron yara ya jawo. Sai ga shi ayar da ta umarce shi da ya ci gaba da shawara da su tana cikin ayoyin Ali Imrana da suka sauka kan wannan yaƙin. Ma'ana, shawara takan kai ga kuskure wani lokaci, kuma hakan bai isa hujjar daina ta ba.

A ƙasar Hausa, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya kuma buɗe ƙofarsa ga baƙon malami daga Tilimsan, Shehu Magili, wanda ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna. Fadar Kano ta daɗe da sanin cewa kunne ɗaya ba ya isar sarki. Akwai hakimai masu gidajensu da jama'arsu, irin Madaki daga Yolawa, Makama daga Jobawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, waɗanda ƙarfinsu bai rataya ga murmushin sarki ba. Akwai Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na cikin gida. Akwai malamai da alƙalai, akwai Mai Babban Ɗaki, wadda za ta faɗa wa sarki abin da duk garin ba mai iya faɗa. A Sakkwato kuma, wajen 1807, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas. Kanawa suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Yayansa Shehu Usmanu bai ɗauke shi maƙiyi ba. Da aka raba kula da daula a 1812, shi aka danƙa wa yamma. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba a wurin shugaban da ya san abin da yake yi.

Kan Sardauna ana yawan magana, kuma an yi gaskiya. Majalisar ministocinsa ta haɗa Aliyu Makaman Bida a kuɗi, da Isa Kaita, da Michael Audu Buba daga Shendam, da George Ohikere daga ƙasar Ibira, da Abutu Obekpa daga Idoma, ga Sunday Awoniyi, Kirista daga lardin Kabba, cikin ma'aikatan da ya jawo kusa da shi. Wannan ya taimaka aka riƙe yanki mai ɗaruruwan harsuna. Amma son da muke masa kada ya hana mu ganin inda tabarmar ta gaza. Mafi yawan Tibi suna bayan Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC, kokensu kan hukumar gargajiya da haraji bai sami mai isar da shi ciki ba, sai ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960, ta sake kamawa a 1964. 'Yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama, kuma matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a ba sai 1976. Muryar da aka hana shiga zaure ba ta mutuwa, kan titi take komawa.

Janar Yakubu Gowon yana ɗan shekara 31 mulki ya faɗo masa a 1966. A Yunin 1967, ana gab da yaƙi, ya kira farar hula cikin majalisarsa, kuma ya zaɓo waɗanda jiya-jiya suke adawa da gwamnatin da aka kifar: Obafemi Awolowo, da ya fito daga kurkukun Kalaba, ya riƙe kuɗi, Malam Aminu Kano sadarwa, Tarka sufuri, Anthony Enahoro yaɗa labarai. Kowannensu yana da jama'arsa tun kafin a san Gowon, saboda haka in ya yi magana ba ta neman suna ba ce. Da su aka yi yaƙin wata 30 ba tare da ƙasa ta nutse cikin bashin waje ba. Awolowo ya sauka a 1971, Tarka da Malam Aminu suka bar gwamnati a 1974, kuɗin mai ya yi ambaliya. Ranar 1 ga Oktoban 1974 Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976, koke kan gwamnoninsa ya yi yawa bai sauya su ba, jiragen siminti suka toshe tashar Legas. Ranar 29 ga Yulin 1975 yana taro a Kampala ya ji an hamɓarar da shi. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma a ganina raguwar masu iya ce masa a'a tana sahun gaba.

Kada in sa ku ɗauka abin ba shi da tsada. Tara mutane masu ra'ayi daban-daban yana cin lokaci, sirri yakan fita, kuma wasunsu kujerarka suke hange. A Amurka, Abraham Lincoln ya naɗa abokan takararsa na 1860 a manyan muƙamai, sai ga sakataren baitulmalinsa Salmon Chase yana ƙulla yadda zai karɓe takarar 1864 daga hannunsa. A Afirka ta Kudu, Mandela ya zauna da de Klerk a gwamnatin haɗin kai ta 1994, a 1996 de Klerk ya fice. Shugaban da ba shi da ƙarfin zuciyar yanke hukunci bayan ya saurara, yawan murya ruɗa shi zai yi. Mashawarta ba sa ɗauke wa shugaba nauyin hukunci. Abin da suke yi shi ne su tabbatar ya san abin da yake yankewa, da wanda wuƙar za ta taɓa.

To yau me muke gani a gidajen gwamnatocin jihohinmu? Sashe na 196 ya bar wa majalisar jiha ta ƙayyade yawan mashawarta na musamman, sai aka zagaya ta baya da muƙaman mataimaka. Za ka ji an rantsar da ɗaruruwa a rana ɗaya, da yawansu ba ofis, ba tebur, wasu har wa'adi ya ƙare ba su taɓa zama da gwamna na minti goma ba. Wannan sallamar 'yan kamfe ce, kuma gara a kira ta da sunanta. Ainihin masu shawara ba su wuce mutum huɗu ko biyar da ke shiga falo bayan sallar isha ba, da wanda ke riƙe da wayar oga yana zaɓar kiran da zai miƙa. Idan waɗannan 'yan amshin Shata ne, oga ya ce rana ta fito da tsakar dare su ce ranka ya daɗe har ta fara zafi, to jihar ta shiga uku ko da akwai farfesa goma a jerin sunaye. Haka ake tsara kasafin asibitin haihuwa ba a ji ta bakin ungozoma ko ɗaya ba, a tsara rabon taki ba manomi a wurin, a zauna taron sulhun daji ba wanda ya taɓa kwana a ruga ko a ƙauyen da aka ƙona.

Ga masu riƙe da mulki da ke tare da mu a nan, daga shugaban ƙaramar hukuma zuwa sama, ina da roƙo. Idan kun zauna taro, ku riƙe ra'ayinku sai kowa ya gama, domin da zarar kun furta shi sauran za su bi layi. Ku fara tambayar mafi ƙanƙanta a ɗakin kafin manya su yi magana. Wanda ya kawo tsari kada ya zama shi ne alƙalin tsarin, ku ba wani daban aikin nemo inda zai karye, ya kawo a rubuce da kwanan wata. Ku ajiye kusa da ku aƙalla mutum biyu masu sana'arsu, waɗanda in kun kore su gobe ba za su rasa na cefane ba. Kuma ranar da wani ya faɗa muku magana mai ɗaci a gaban jama'a, ku sani duk ɗakin na kallon abin da zai same shi, daga nan kowa zai yanke wa kansa ko zai yi magana a zama na gaba.

Kafin ku sa hannu kan kasafin kuɗin baɗi, ku karɓi rajistar baƙin ofishinku ta wata ukun da suka wuce, ku karanta sunayen da kanku. Ku ƙirga mata nawa ne, manoma da makiyaya nawa, nawa ne daga ƙaramar hukumar da ba ta zaɓe ku ba, nawa ne ba kwangila ko muƙami ya kawo su ba. Waɗanda kuka ga babu su, ku aika a kira su tun takardar ba ta tafi majalisa ba.